Malamin Za Ku Bi, Takarda Ta Biyo Baya

Da ku nake, ku da kuke fita nema tun duku-duku. Ke ma'aikaciyar jinya mai kwana a tsaye, da kai malamin motsa jiki da makaranta ba ta tunawa da kai sai gasar wasanni ta matso, da ke da kika kama haya kika buɗe ɗakin motsa jiki na mata zalla a Kano ko Kaduna ko Yamai, da kai ma'aikacin sashen gashin ƙashi da kullum layin masu ciwon baya yake fin ƙarfinka. A cikinku akwai waɗanda zuciya ta daɗe tana raya musu su ƙetara ƙasar waje su koyo yadda ake koyar da yoga, amma suna jin nauyin faɗa, don kada a ce sun rasa abin yi da kuɗi. To ni na ce ku tashi. Neman ƙarin sana'a ba abin kunya ba ne, kuma mai yi muku dariya yau shi ne zai fara ƙwanƙwasa muku ƙofa ranar da ƙugunsa ya riƙe.

Ku dubi mutanen da kuke zaune da su. Tela yini yake a duƙe kan keke. Ɗan adaidaita sahu ramukan titi sun gama jijjige masa ƙashin baya. Ma'aikacin banki da na sakatariya sun manne a kujera gaban kwamfuta, wuya ya sandare, kafaɗu sun yi nauyi. Uwar gida ta yi haihuwa biyar, baya ya ƙi komawa daidai, ba ta kuma da inda za ta motsa jiki cikin sutura da mutunci. Dukansu maganin da suka sani ɗaya ne, ƙwayar kashe raɗaɗi daga kemis. Alhali tun a 2017 ƙungiyar likitocin Amurka mai suna American College of Physicians ta ba da shawarar cewa wanda ciwon baya ya daɗe yana damunsa ya fara gwada hanyoyin da ba na ƙwaya ba, ta kuma lissafa yoga a cikinsu. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta haɗa hannu da gwamnatin Indiya suka fitar da manhajar waya mai suna mYoga. Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa tun a Disambar 2014 ta ware 21 ga Yuni ta zama ranar yoga ta duniya, ƙasashe 177 suka mara wa ƙudurin baya. Buƙata tana nan jibge a unguwanninmu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai koyarwa da ya san aikinsa, wanda zai iya yi wa dattijuwa bayani da Hausa ta gane.

Amma kuɗin da za ku kai ƙasar waje ba tsintuwa ba ce. Adashen shekara biyu ne, ko kuɗin fili, ko ɗankunnen da aka cire aka kai kasuwa. Shi ya sa nake so ku tafi da idanunku a buɗe, domin kasuwar da za ku shiga ta cika da masu kira.

Rishikesh gari ne a arewacin Indiya, cikin jihar Uttarakhand, inda kogin Ganga yake saukowa daga duwatsun Himalaya. Tun da mawaƙan nan na Ingila, Beatles, suka je can a 1968, Turawa ba su daina tururuwa ba. Yau duk lungun da kuka leƙa akwai allo da yake cewa ana horar da malaman yoga, awa 200, wata ɗaya, da ɗaki da abinci. Haka abin yake a Goa, haka a Kerala, haka a Ubud da ke tsibirin Bali na Indunusiya. A cikinsu akwai makarantu na ƙwarai masu malamai da suka ƙarar da rayuwarsu a wannan ilimi. Akwai kuma otal da aka share rufinsa aka shimfiɗa tabarmi, aka ɗauko saurayin da shi kansa bara ya gama nasa kwas ɗin aka ce shi ne malam. A intanet duk kamarsu ɗaya: hoton fitowar rana, da farar mace ta tsaya da kai a bakin kogi, da wani tambari mai zagaye da aka rubuta RYS 200 a ciki.

Wannan tambarin shi ne ya fi ruɗar mutane, don haka bari mu tsaya a kansa. Na wata ƙungiya ce mai zaman kanta a Amurka, Yoga Alliance, da aka kafa a 1999. Ba hukumar gwamnati ba ce, ba ta kuma ba da lasisi. Rajista take yi. Makaranta ta aika mata da tsarin karatunta a rubuce, ta biya kuɗi, idan tsarin ya dace da ƙa'idojinta a sa sunanta a kundi. Wanda ya gama a irin wannan makaranta shi ma yana iya biya a yi masa rajista ya riƙa sa RYT 200 a bayan sunansa. Tana da amfani, ban ce ba ta da shi ba, domin manyan otal da ɗakunan motsa jiki a ƙasashe da yawa ita suka sani, ita suke tambaya. Amma ba ta zaune a ajin tana kallon abin da ake koya muku. Tambarin yana nuna cewa an cika takardu, ba ya nuna cewa malamin ya iya. Ƙari a kan haka, akwai wasu ƙungiyoyi a Indiya da Birtaniya masu sunaye da suka yi kama da nata, ba su kuma da wata alaƙa da ita. Saboda haka idan makaranta ta ce tana da rajista, ku shiga shafin ƙungiyar da kanku ku nemi sunanta. A nan za ku ga sunan babban malaminta da abin da tsofaffin ɗalibai suka rubuta a kanta.

Sai ku yi ɗan lissafi, ku da kuka saba da jadawalin aiki. Awa 200 a kwana 25 na karatu awa 8 ke nan a kullum, ban da barci da cin abinci da wanki. Wannan mai yiwuwa ne, da wahala dai. Wanda ya ce zai ba ku awa 200 a kwana 14 kuwa, yana nufin fiye da awa 14 a kowace rana ba hutu. Ko dai ƙarya yake yi, ko yana lissafa lokacin shan shayi da yawon buɗe ido a cikin darasi. Kada ku ji kunyar neman jadawalin kowace rana a rubuce kafin ku biya ko sisi.

Ita kanta Indiya tana da nata ma'aunin, kuma mutanenmu ba su cika saninsa ba. A 2014 gwamnatin ƙasar ta kafa ma'aikata guda mai suna AYUSH don kula da magungunan gargajiya da yoga, a 2018 kuma aka kafa hukumar ba da shaida a ƙarƙashinta, wadda ake kira YCB. Bambancinta da waccan ta Amurka shi ne jarrabawa ake zaunawa, ta rubutu da ta aiki, ana kuma faɗuwa. Matakai ne hawa-hawa, daga mai jagorantar motsin farko-farko har zuwa babban malami. Ga wanda yake so ya dawo ya nuna wa shugaban asibiti ko hukumar makaranta takarda mai hatimin gwamnati, wannan ta fi nauyi a hannu.

Akwai kuma tsofaffin cibiyoyi da ba su dogara da talla ba. The Yoga Institute da ke Mumbai, Shri Yogendra ne ya kafa ta a 1918, kuma tun farko manufarsa ita ce ya fito da yoga daga hannun masu gudun duniya ya kai wa magidanta, masu aure da 'ya'ya da aikin yi, wato irinku. Kaivalyadhama da ke Lonavla, tsakanin Mumbai da Pune, Swami Kuvalayananda ya kafa ta a 1924, shi ne kuma ya fara shigar da yoga ɗakin gwaje-gwaje yana auna abin da take yi wa numfashi da jini. Ma'aikacin lafiya zai fi jin yarensa a irin wannan wuri. A Delhi akwai cibiyar gwamnati ta Morarji Desai, a Bengaluru akwai S-VYASA mai matsayin jami'a, inda ake karatun digiri. Ban lissafa su don in ce sai su ba. Na lissafa su ne don ku san cewa akwai wuraren da suka girmi intanet, waɗanda za ku auna sauran da su.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Mu nan idan uba zai kai ɗansa koyon ɗinki ko kanikanci, ba allon shago yake dubawa ba. Tambaya yake yi: wane ne maigidan, a hannun wa ya koya, yaran da ya yaye suna ina, shi yake zama a shagon ko ya bar wa yara? Wannan tambayar ce za ku ɗauka ku ƙetare teku da ita. Yoga ta zamani kanta ta haka ta yaɗu. Krishnamacharya ya koyar a Mysuru a shekarun 1930 a ƙarƙashin inuwar sarkin garin, daga hannunsa B.K.S. Iyengar da Pattabhi Jois da Indra Devi suka fito, kowa ya kafa nasa reshe. Har yau mabiya Iyengar, wanda cibiyarsa take Pune tun 1975, ba sa barin mutum ya fara koyon malanta sai ya yi aƙalla shekara uku yana ɗalibta. Su ke nan masu tsanani, ba kowa zai iya ba, amma ya kamata ya nuna muku cewa wata ɗaya buɗe ƙofa ce kawai.

To ku tambayi makaranta: wa zai koyar da mu, da sunansa? Shekara nawa ya yi yana koyarwa, a wajen wa ya yi karatu? A cikin awa 200 ɗin, nawa ne shi da kansa zai tsaya a gabanmu? Wannan ta ƙarshen tana da muhimmanci, domin an saba sa hoton dattijo mai farin gemu a talla, ya zo ranar buɗewa ya yi jawabi, ba za a sake ganinsa ba sai ranar raba takarda. Idan an rubuta E-RYT 200 a bayan sunan malami, ana nufin ya koyar na awa 1,000 cikin aƙalla shekara biyu. E-RYT 500 kuwa awa 2,000 ne da shekara huɗu. Ku nemi a haɗa ku da shi ta kiran bidiyo ko na minti goma ne. Turancinsa ma abin ji ne, domin idan ba ku fahimtar lafazinsa a waya, ba za ku fahimce shi a ajin mutum talatin ba. Ku tambayi yawan ɗalibai a aji. Malami ɗaya ba zai iya lura da gwiwoyin mutum arba'in ba. Makarantar kirki ba ta jin haushin irin waɗannan tambayoyi, murna ma take yi da su.

Bayan malami, ku dubi darussa biyu da su ne ƙashin bayan sana'ar, su ne kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Na farko ilimin sassan jiki: ƙashi, tsoka, jijiya, gaɓa, yadda suke aiki da yadda suke lalacewa. A ƙa'idar Yoga Alliance awa 30 aka ware masa. Ku tambaya wa yake koyar da shi, likita ne, ko masanin gashin ƙashi, ko dai wani ne zai karanto muku littafi? Dalili kuwa, waɗanda za su zo ajinku a gida ba 'yan mata masu lanƙwasa kamar roba ba ne. Alhaji ne mai hawan jini, da Hajiya mai ciwon gwiwa da ciwon suga, da amarya mai juna biyu. Tsayuwa da kai a ƙasa tana ƙara matsi a cikin ido, haɗari ce ga mai hawan jinin ido. Wasu hanyoyin numfashi masu ƙarfi da riƙe numfashi ba su dace da mai ciki ko mai ciwon zuciya ba. Malamin da bai san wa zai hana me ba, cutarwarsa ta fi amfaninsa. Ku ma'aikatan lafiya a nan kun riga kun yi wa sauran ɗalibai nisa, kada ku shiga ajin kuna raina kanku don wata Baturiya tana iya ɗora ƙafa a wuya. Iya lanƙwasa daban, iya koyarwa daban.

Na biyu shi ne gwajin koyarwa. Sau nawa za a tsayar da ku a gaban mutane ku jagoranci darasi daga farko har ƙarshe, malami yana kallo, bayan an gama ya gaya muku inda kuka kuskure? Idan sai makon ƙarshe za a ba kowa minti goma, to hutu kuka biya, ba horo ba. Ku kuma tambaya ko an taɓa hana wani takarda don bai cancanta ba. Makarantar da kowa yake cin jarrabawarta, takardarta rasit ce.

Akwai maganar da ba a son yi, amma zan yi ta, musamman saboda ku 'yan'uwa mata. Suna da shahara ba su wanke kowa ba. Bikram Choudhury, mai yogar ɗaki mai zafi, ya tara dukiya a Amurka da kwas ɗinsa na mako tara. Mata da dama da suka yi karatu a hannunsa sun zarge shi da cin zarafi, a 2016 wata kotu a Los Angeles ta yanke masa biyan tsohuwar lauyarsa diyyar sama da dala miliyan 6, ya bar ƙasar, a 2017 aka ba da sammacin kama shi. Shi ma Pattabhi Jois, bayan rasuwarsa mata sun fito sun ce yana taɓa su ta hanyar da ba ta dace ba da sunan gyara musu tsayuwa, har jikansa da ya gaje shi ya amsa hakan a 2019. Saboda haka ki tambaya kai tsaye: ana taɓa ɗalibi a aji? Ana neman izini kafin a taɓa? Akwai malamai mata? Ɗakin kwanan mata daban yake, yana kuma da makulli ta ciki? Wa ake kai wa ƙara? Kina da ikon cewa kada namiji ya taɓa ki, a gyara miki da baki ko mace ta gyara miki, kuma ba sai kin sa matsattsun kaya ba. Wando mai faɗi da riga mai tsawo da ɗankwali ba sa hana komai. Duk malamin da ya fara ce miki sai kin miƙa masa wuya gaba ɗaya kafin ilimi ya shige ki, ki tattara kayanki.

Na san tambayar da take cin yawancinku a rai, wato addini. Ba zan rufe ku ba: yoga ta tsiro ne a cikin al'adun addinan Indiya, kuma makarantu da yawa, musamman a Rishikesh, suna buɗe kwas da bikin kunna wuta, ana rera addu'o'in Hindu safe da yamma, ana shafa wa ɗalibi jan alama a goshi, wasu ma har da zuwa ibadar bakin kogi da magariba. Wannan ba motsa jiki ba ne, kada wani ya ce muku al'ada ce kawai. Malaman Musulunci sun yi magana a kai. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yogar da ta haɗa da irin waɗannan abubuwa. A 2009 majalisar malaman Indunusiya ta rarrabe: mai haɗe da ibadar wani addini haramun ce, wadda motsa jiki ce zalla kuwa ba laifi. A 2017 Saudiyya ta sa koyar da yoga cikin jerin wasannin da ake ba wa lasisi, kuma 'yar ƙasar, Nouf Marwaai, wadda ta yi ta faɗi-tashi a kan haka, Indiya ta ba ta lambar girmamawa ta Padma Shri a 2018. Ni ba mai ba da fatawa ba ne. Ku je wajen malaminku, Musulmi ko Kirista, da jadawalin makarantar a hannu, ku nuna masa abin da ake yi dalla-dalla. Sannan ku rubuta wa makarantar ku ce: ba zan shiga bikin wuta ba, ba zan rera ba, ba zan rusuna wa hoto ko gunki ba, zan fita in yi salla idan lokaci ya yi, shin wannan zai hana ni takarda? Ku karɓi amsar a rubuce. Wadda ta ce ba matsala, madalla. Wadda ta ce dole ne, ta taimake ku, ta rage muku zaɓi. Karanta falsafarsu a aji don sanin abin da suke cewa ilimi ne, ba shi ne bautawa ba, kuma malamin da ya san inda iyakar take ya fi iya kare ɗalibansa idan ya dawo.

Wannan ma yana shafar garin da za ku zaɓa. Rishikesh gari ne mai tsarki a wajen Hindu, ba a sayar da nama ko giya a cikinsa, abincin makarantu ganye ne da wake da shinkafa da gurasa, wasu ko albasa da tafarnuwa ba sa sawa. Damuwar yankan halal ta kau, amma wanda ba ya iya mako ba tsire sai ya shirya haƙuri. Mysuru da Kerala kuwa suna da Musulmi da yawa, masallacin Juma'a da abincin halal ba sa wahalar samu. Bali ta fi tsada nesa ba kusa ba, kuma rabin abin da za ku biya na kyawun wuri ne. Kada kuma ku manta da nahiyarmu: a Nairobi akwai Africa Yoga Project, da aka kafa a 2007 don horar da matasan Afirka su mayar da yoga sana'a a unguwanninsu, waɗanda matsalolinsu suka fi kama da namu. Ku duba kalanda ma. Daga Yuli zuwa Satumba damina ce mai ƙarfi a arewacin Indiya, hanyoyin duwatsu suna zaftarewa, Disamba da Janairu kuma sanyin Rishikesh ya fi hunturunmu cizo. Kada kwas ya faɗo muku cikin azumi.

Batun kuɗi gajere ne. A Rishikesh kwas na wata ɗaya da ɗaki da abinci galibi yana kamawa daga wajen dala 1,000 zuwa 2,000, ban da jirgi da biza da inshorar lafiya. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce. Kafin alƙalami kaɗai za ku tura, shi ma ta asusun makaranta ba na wani mutum ba, bayan kun ga sharaɗin mayar da kuɗi idan biza ba ta fito ba. Ku guji dillalin da zai ce ku ba shi komai ya gama muku. Wanda yake da sha'awar dogon karatu ya sani cewa gwamnatin Indiya tana ba 'yan ƙasashen waje tallafin karatun yoga na ma'aikatar AYUSH ta hannun hukumarta ta hulɗar al'adu, ICCR, ana kuma nema ta ofishin jakadancinta. Ku je ofishin na Abuja ko Yamai ko Akara ku tambaya, ku kuma tambayi irin bizar da ta dace da tsawon karatunku, da wasiƙar makaranta a hannu. Katin allurar shawara wajibi ne ga mai shiga Indiya daga ƙasashenmu, ba ya kuma fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Wanda ya sauka babu shi ana iya killace shi har kwana 6, makon farko na karatu ya tafi ke nan. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Jikinku ma yana buƙatar shiri. Kada wanda bai taɓa hawa tabarmar yoga ba ya tashi ya ce zai je ya zama malami a wata ɗaya. Ku fara tun yanzu, minti talatin bayan sallar asuba ko bayan an tashi daga aiki, ku yi wata shida ko shekara a haka, da malami idan akwai a garinku, ko da manhajar waya idan babu. In ba haka ba makon farko zai ƙare a ciwon tsoka, na biyu a jinyar rauni, kuɗinku suna tafiya. Ku nemi hutun aiki da wuri, a rubuce, ku gaya wa shugabanku abin da wurin aikin zai ƙaru da shi idan kun dawo.

Idan Allah ya dawo da ku lafiya, ku riƙe girman sana'ar ta hanyar sanin iyakarta. Takardar awa 200 ba ta mayar da kowa likita ba. A Najeriya gashin ƙashi aiki ne mai hukumarsa da lasisinsa, kuma ko a duniyar yoga, mai yi wa marasa lafiya aiki da ita sai ya yi ƙarin horo na awa 800 cikin aƙalla shekara biyu kafin ƙungiyar masu irin wannan aiki, mai suna IAYT, ta ba shi shaida. Kada ku ce wa kowa ya ajiye maganin hawan jininsa. Kada ku yi alkawarin warkar da suga ko samar da haihuwa. Ku ce za ku taimaka masa ya saki jiki, ya ƙarfafa baya, ya daidaita numfashi, ya samu barci, ku kuma cika. Ku fara da mutum biyar a tsakar gida ko a ajin makaranta bayan an tashi, mata da mace, maza da namiji. Ku zauna ku nemo wa kowane motsi bayani da Hausa mai sauƙi, ku koyi yin darasin a kan kujera saboda waɗanda ba sa iya zama a ƙasa. Wannan aikin babu malamin Indiya da zai yi muku shi, ku kaɗai kuka san mutanenku. Likitocin unguwa kuma, da zarar sun ga ba ku shiga hurumin da ba naku ba, su da kansu za su riƙa turo muku mutane.

A makon nan ku zaɓi makarantu biyar ku aika musu da tambayoyin nan: sunan malami da tarihinsa, jadawalin kullum, yawan ɗalibai, wa yake koyar da sassan jiki, sau nawa za ku gwada koyarwa, ƙa'idar taɓa ɗalibi, uzurin addini, sharaɗin mayar da kuɗi, da hanyar magana da tsofaffin ɗalibai biyu, in da hali 'yan Afirka. Wadda ta amsa ɗaya bayan ɗaya, da suna da lamba, ku ci gaba da magana da ita. Wadda ta turo muku hoton kogi da albishirin rangwame idan kun biya kafin Juma'a, ku goge lambarta ku wuce ta gaba.